Gamkalle: jirgin leda a bakin Isa

Wanda ya gangara Gamkalle ran Lahadi da la'asar cikin watan Janairu zai tarar da kogin Isa cike maƙil, domin lokacin ne ruwan ƙasar Gine ke isowa Yamai. Iskar hunturu kuwa ba ta da alkawari: ta bugo daga arewa maso gabas, ta yi tsit, sa'an nan ta sake tasowa da ƙura.

Unguwar a matse take tsakanin barikin soja, masana'antu da ruwa, lungunanta kuma wayoyin lantarki sun rufe musu sama. Shi ya sa wani magidanci ya sauko da ɗansa mai shekara biyu har gaɓa, bayan garake. Jirgin nasu ɗan mitsitsi ne: tsinken tsintsiya biyu, zaren tela, da baƙar ledar nan wadda doka ta hana tun 2014, wai.

Sau uku yana tashi yana kifewa. Uban ya ƙulla masa wutsiyar tsumma, a na huɗu ya ɗaga sama, yana rawa. Yaro ya kafe sai ya riƙe da kansa.

«Riƙe gam, Babana.»

Ya ba shi zaren, amma hannunsa bai bar wuyan rigar yaron ba: taki biyar ne tsakaninsu da ruwa.

Can iska ta fizgo, zare ya tsinke, jirgi ya nufi Haro Banda, ƙetaren kogi. Uban ya shirya lallashi. Yaron kuwa hannu yake ɗaga wa jirginsa.