Ƙwaron da Amarya ta kawo a kwalin ashana

Bayan la'asar muna tsakar gidan Yaya a Ƙofar Dawanau, sai Amarya ta ce a kora yara waje. Ta zaro kwalin ashana daga jaka, ta buɗe a hankali. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne, ruwan ƙasa.

"Don Allah maganar nan ta tsaya a nan. A jikin labule nake ganinsu. Yaya, ba kuɗin cizo ba ne? Idan dangin miji suka ji na shiga uku."

Yaya ta ɗora shi a tafin hannu, kafin ta gama dubawa ya tashi fir. Ta kwashe da dariya.

"Kwantar da hankalinki, kuɗin cizo ba ya tashi. Kina da wake a ɗaki?"

"Rabin buhu. Maigidan ya sayo a kasuwar Dawanau tun kaka."

"To can ne gidansu. Macen kan manna ƙwai a jikin wake, wani sa'in tun daga gona. Tsutsar ta huda ta shige, ta ci ta ƙoshi, bayan sati uku zuwa huɗu ƙwaro ya fito ya bar rami. Shi ya sa wake zai shigo gida fes, kafin bazara ya koma gari. Ba ya cizon mutum, da abincinki kawai yake rigima."

Hajiya ta ce ita ba ta wahalar da kanta, fiya-fiya take yayyafawa, ko ta jefa ƙwayar bom a buhu. Nan fa ƙawarmu ma'aikaciyar jinya ta ajiye kofin shayi.

"Hajiya, ki rufa mana asiri! Sinadarin da ke cikin fiya-fiya irin su Sniper, shi aka samu ya wuce kima a waken Najeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Bom kuwa iska mai guba yake fitarwa, na sito ne rufaffe, ba na gidan da yara ke kwana ba."

A ganina gaskiyarta ce, don akwai hanya mai sauƙi. A shanya waken a rana mai zafi, a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku a ɗaure tam, ko a cika jarka har wuya a toshe. Iska na ƙarewa ƙwaron zai mutu.

Duk wannan surutu Goggo ba ta ce uffan ba. Can ta sassauta murya. "Ni dai kuɗin cizon na gaske ne a gidana. Tun da autana ya dawo daga makarantar kwana da katifarsa, barci ya gagare mu."

Ba wadda ta yi dariya. Yaya ta tambaye ta ko ta ga ɗigo-ɗigon baƙi a ɗinkin katifa da jini a zanin gado, ta ce ƙwarai, har da warin nan idan an murƙushe shi.

"Shi ne. Amma daina ɓoyo, Goggo, ba ƙazanta ke kawo shi ba, kaya yake bi. A 2023 birnin Paris ma ya sha fama da shi. Zafi ne maganinsa. A kwance gadon, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace tsaga, a wanke zannuwa da ruwan zafi. Tufafi a ƙulle su a baƙar leda su wuni a rana. A liƙe tsagar bango. Bayan kwana goma a maimaita, don ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe."

"Katifar fa? Sabuwa ce."

"Kada dai ki bayar da ita sadaka, ki kai wa wani gida fitina. Sa auta ya fito da ita gobe da hantsi, zan shigo mu duba ɗinkin tare."