Wayar Da Ke Riga Mai Ita Barci

Ku ɗan rage murya, kada masu gyaran waya su ji su ce ina kashe musu kasuwa. Alhaji, ƙorafinka na ji shi: banki ya turo lambar sirri, kafin ka lalubo tabarau wayar ta runtse ido, kana buɗewa lambar ta tashi aiki. Kai kuma Malam ka ce kana tsaka da tilawa a waya sai sikirin ya yi duhu a tsakiyar aya. To wallahi yawancin irin wannan ba ya buƙatar ko sisin kwabo, balle a ɗauki waya a nufi Kano, kasuwar Farm Centre, ana neman gwani.

Abin da nake so ku rarrabe shi ne barci da suma. Wayar da ta yi barci, kana taɓa maɓalli za ta farka a inda ka bar ta. Wadda ta suma kuwa sai ta sake kunnuwa daga farko, ta nuna maka tambarin kamfani, ka zauna jira. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Barcin umarni ne aka ba ta. Ku shiga setin, ku nemi sashen sikirin, inda ake rage haske da ƙara shi, a nan za ku ga lokacin da aka yanka mata: daƙiƙa 15, daƙiƙa 30, minti 1, 2, 5, 10, wasu har 30. Tecno, Infinix da itel da suka cika aljihunanmu duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, saboda haka wurin kusan iri ɗaya ne. Ni a ganina minti 2 ya ishi mutum. Kada zuciya ta ɗebe ku ku zaɓi 30, domin sikirin yana sahun gaba wajen cin caji, kuma wayar da aka ajiye a buɗe a kan benci da manhajar banki a ciki, sai dai Allah Ya tsare.

Amma ga inda mutanen garin nan namu na Haɗejiya ke shan wahala. Mu da muke lallaɓa caji tsakanin ɗaukewar wuta, sola da shagon mai caji, kusan kowa ya kunna tsarin tsimin batir ya manta da shi. Shi kuwa wannan tsari, a wayoyi da yawa, yana take umarninka ya gajarta lokacin. A iPhone ma ƙiri-ƙiri yake: da zarar an kunna shi, lokacin kullewa ya koma daƙiƙa 30, kuma ba zai bari ka canza ba sai ka kashe shi. Akwai kuma barcin ciki, wanda Android ta shigo da shi tun 2015, inda waya ke kwantar da manhajoji idan an daɗe ba a taɓa ta ba. Shi ya sa dillalin kifi zai ce bai ga saƙon WhatsApp ba sai da mota ta wuce garin Malam Madori. Sau da yawa ba ƙarya yake yi ba, ko da yake ban rantse wa kowane dillali ba. A shiga setin batir a cire wa WhatsApp takunkumi, shi ke nan.

Wani abin dariya kuma, rigar waya mai murfi. Wasu da maganaɗisu a jiki, waya na jin sa sai ta ɗauka an rufe ta. Haka ɗan idon da ke kusa da lasifikar kunne, wanda ke kashe sikirin idan ka kara waya a kunne: in ƙura ta toshe shi ko gilashin kariya ya tsage a kansa, sai ka kira mutum sikirin ya ƙi dawowa. Cire rigar, goge wajen, ka gwada kafin ka zargi kowa.

Yanzu suma. Yaya, kai da ke da gonar shinkafa a wajen Auyo, gaya mana gaskiya, ina kake ajiye waya in ka shiga ruwa? A kan sirdin babur, ko ba haka ba? Apple da kansu sun ce wayarsu ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Haɗejiya daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40, wannan ma a inuwa. Waya in ta gasu za ta fara dusashe haske, ta daina karɓar caji, daga nan ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kuma zafi na tsufar da batir, har ka ga waya tana nuna kashi 30 sai ta mutu farat ɗaya. In bayanta ya fara kumbura kamar burodi, kada ka sake sa ta a caji, a canza batir ranar.

Kwamfuta ma haka take. A Windows, sashen wuta da barci yana da lokaci biyu, na sanda take jone da wuta da na sanda take kan batir. Mutum zai gyara na farko, a ɗauke wuta, ta koma bin na biyu, ya ce aljanu ne. Akwai wani ɓoyayyen lokaci na minti 2 da ke aiki idan ta farka ba da hannun mutum ba, wannan kam sai wanda ya san kan abin ya fito da shi. Yaran nan na kwalejin Binyaminu Usman da ke sayen laftof na hannu, nasu yawanci batir ne ya gaji: lissafinsa ya rikice, ya faɗo kashi 5 ba zato, ita kuma an umarce ta ta kwanta a nan. Ga ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka sun cushe fanka, sannan a ɗora ta a kan katifa a toshe mata hanyar iska. Sai an buɗe an hure ta, a riƙa ɗora ta a kan teburi ko faranti.

In duk an bi wannan abin ya ƙi, to a je wurin mai gyara, haƙƙinsa ne. Amma ku ce ya fara auna batir. Ku cire layi da memori ku sa a aljihu, kuma duk wanda ya ce fulashin zai yi, ku ce ya dakata sai kun kwashe hotuna da lambobin mutane, don fulashin ba ya barin komai.