Takardar da ake naɗe wiwi a cikinta

Duk wanda ya saba zama kusa da teburin mai shayi a Gumel bayan sallar lisha, ko ya ratsa ta bayan kara a kasuwar Maigatari ran Alhamis, sa'ad da fatake suka gama lodin shanu da raƙuma, lalle kunnensa ya taɓa tsintar wata muhawara da samari ke yi a junansu, wadda ba ruwanta da halaccin wiwi ko haramcinta, sai dai abin da ya fi dacewa a naɗe ta a ciki. Wannan ya ce takardar Rizla ce gaba, wancan ya ce almubazzaranci ne, shi kam karan sigari ya ishe shi. Na uku kuwa, wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi, ya rantse tukunyar shisha ta fi duka, wai ruwanta yana wanke hayaƙin. Wannan da'awa ba ta da tushe, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa ruwan sanyaya hayaƙi yake yi, dafin kuwa yana nan.

Kakanninmu sun san lofe da taba gari, mata kuma sun ci fure don jan haƙora, kuma malamai sun yi saɓani mai tsawo a kan taba, har Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya halatta ta, wasu suka hana. Amma hashisha, wadda ita ce wiwi, hukuncinta daban ne: Imam Ƙarafi, babban fakihin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya sanya ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali a littafinsa Alfuruƙ, Ibn Taimiyya kuma ya daidaita ta da giya, ta yadda saɓanin da ke tsakaninsu ya shafi haddi ko ta'aziri, bai taɓa haramcin shan abin da zai gusar da hankali daga cikinta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin yaron ƙauye, na karkarar Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda kuɗinsa suka ƙare a sayen ƙulli, ya rasa na takarda, sai ya kai hannu ga abin da ya samu, tsohuwar jarida, ko takardar da aka ƙunso masa ƙosai, ko kuwa, wa'iyazubillahi, shafin littafin makarantarsa. Mu da aka rena a kan cewa takarda mai rubutu ba ta kwana a ƙasa, in ka gan ta ka ɗauke ka soke a jikin danga, don gudun kada sunan Allah ya kasance a cikinta, yau ga shi muna kallon darasin lissafi da na tauhidi suna cin wuta a bakin wanda aka rubuta su dominsa, yana zuƙar tawadar tare da ganyen.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6, akasarin ganyen kuma daga dazuzzukan Ondo da Edo yake haurowa. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da aka kafa a 1989, ganye da dila take bi. Takarda kuwa halattacciyar haja ce, tana zaune a tebur tsakanin ashana da alewa, kuma ban ga maslaha a nemi wata sabuwar doka a kanta ba, tun da mai teburin ya san ɗan wane ne ya miƙo masa kuɗi, ya kuma san yaron da bai kai shekara goma sha biyar ba ba lofen kakansa zai gyara da ita ba.

Saboda haka roƙona ga malaman makarantunmu, na boko da na Islamiyya, shi ne su riƙa duba littattafan ɗalibai, in sun ga wanda shafukansa ke raguwa daga tsakiya ba tare da dalili ba, su aika a kira uban yaron a asirce, tun bai kai ga sayar da buhunan riɗinsa don biyan kuɗin mota da na magani zuwa asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko Dawanau ba.