Aiken da ke Tsufa a Hanya



Akwai aiken da ba ya taɓa isa yadda aka ba da shi, wato aiken lokaci. Ka tura yaro maƙwabta ya dubo maka ƙarfe nawa. Komai gaskiyarsa, kafin ya dawo amsar ta tsufa. Mu wannan ɗan giɓi bai dame mu ba. Amma masu agogon atam, waɗanda sakan ɗaya a wurinsu kaɗawa 9,192,631,770 ce ta sinadarin siziyam, giɓin ne ke hana su barci. Agogo ɗaya na Jamus, ɗaya na Faransa: ta yaya za a san bakinsu ɗaya?

Ɗan aikensu haske ne, hanyarsa kuwa irin zaren gilashin nan da ke kawo mana intanet. A cikinsa haske yakan ci kilomita guda a wajen kashi 5 cikin miliyan na sakan. Da tafiyar ba ta canzawa, da sai a cire ta a lissafi a huta. To, zare yana miƙewa da zafi, ya takure da sanyi, jirgin ƙasa ya gifta ya girgiza shi.

Dabararsu ce ta sa na kasa ajiye zancen nan. Sai su sa hasken ya je ya dawo ta zare ɗaya, su auna abin da hanya ta ƙara ko ta rage, su raba biyu, su gyara tun daga gida. Haka masanan Jamus suka yi a 2012 a kan zare mai kilomita 920, a 2016 kuma aka gwada agogon Faris da na Braunschweig ta kilomita 1,415.

In kana ganin ƙaƙale ne kawai, tuna Satumbar 2011. Masu gwajin OPERA a Italiya suka sanar cewa wasu ƙwayoyin zarra da ake kira nutirino, da aka harbo daga cibiyar CERN mai nisan kilomita 730, sun riga haske isowa da kashi 60 cikin biliyan na sakan. Da ya tabbata, da ka'idar Einstein ta shiga uku. A Fabrairun 2012 aka gano babban dalili: kan zaren da ke shigo da lokacin GPS cikin ɗakin gwajin, can ƙarƙashin dutse, bai ɗauru sosai ba. A Maris shugaban tawagar ya sauka daga muƙaminsa.

Ni ban ga abin dariya a nan ba, domin su da kansu suka roƙi duniya ta bincika musu lissafin. Kullum muna kukan rashin jigon labari a zauren nan, alhali ga wanda nake son in rubuta a kansa: mutumin da ya fara kai hannu kan zaren nan, ya ji yana motsi, ya kuma san sai ya je ya faɗa wa abokan aikinsa.