Tsibirin Ngor: Inda Ake Jinyar Allon Hawan Igiyar Teku

'Yar'uwa, idan Allah Ya kai ki Dakar, babban birnin Senegal, ki daure ki leƙa unguwar Ngor. Tana dab da Almadies, wato ƙarshen ƙasar Afirka ta ɓangaren yamma. Mutanen wurin 'yan ƙabilar Lebu ne, masunta tun kaka da kakanni. Daga bakin gaɓa za ki hango wani ɗan tsibiri, kwalekwale zai tsallakar da ke cikin 'yan mintoci, kuma babu mota ko ɗaya a cikinsa.

A gefen tsibirin ne igiyar teku ke tasowa ta karye a kan baƙaƙen duwatsu. Nan za ki ga matasa tsaye a kan wani dogon allo, igiya na tafe da su kamar mahayi a kan doki. Duniya ta san wannan wuri ne ta wani fim na Amurka mai suna The Endless Summer da ya fito a 1966, wanda aka ɗauki wani sashensa a Senegal da Ghana da Nijeriya. Daga baya 'ya'yan masunta suka karɓi wasan, har da mata. Khadjou Sambe, 'yar wannan yanki, ita ce mace ta farko a Senegal da ta riƙe shi a matsayin sana'a.

To amma dutse ba ya raga wa allo. Kada ki ɗauka katako ne. Cikinsa wani busasshen soso ne marar nauyi, an lulluɓe shi da ƙyallen zaren gilashi, an shafe da danƙo mai daskarewa ya yi tauri. Wannan ɓawo siriri ne ƙwarai. Da ya bugi dutse sai ya tsage, kuma kin san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan gishiri ya ratsa soson, allo ya yi nauyi, wurin ya sauya launi. In an bar shi a rana, zafi ya kumbura iskar da ke ciki, ɓawon ya rabu da soson. Galibin allunan nan daga ƙasashen waje ake kawo su, don haka yaron da nasa ya lalace yana iya daɗewa a gaɓa yana kallon 'yan'uwansa. Wanda kuma ke koyar da baƙi ko ba da hayar allo, abincin gidansa ne ya taɓu.

Shi ya sa gyara ya zama dole. Mai allo kan sa baki ya tsotsi tsagar, in ya ji iska ko ɗanɗanon gishiri, ya san ruwa na shiga. Sai a fitar da allon daga teku nan take, a ɗauraye wurin da ruwan daɗi, a yanke ɓawon da ya farfashe, a jingine shi a inuwa mai iska, ramin na kallon ƙasa. Yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, kuma nan ne haƙurin yake. Wanda ya yi gaggawar liƙewa ya kulle ruwan ne a ciki, ɓarna ta ci gaba a ɓoye. Sauri ya haifi nawa ke nan. Haka ma mai cusa kakin da ake shafa wa allo don kada ƙafa ta zame: bai tare ruwa sosai ba, ya kuma hana danƙo kamawa daga baya.

Idan ya bushe, sai a goge gefen ramin da samfefa, a cike shi da danƙo da aka kwaɓa da wani farin gari marar nauyi, a shimfiɗa sabon ƙyalle, a sake shafa danƙo, a goge har ya yi sumul. Sai dai danƙon iri biyu ne, foliyesta da ifoksi. In soson allon irin farin nan ne da ake tare sabuwar talabijin da shi a kwali, foliyesta narkar da shi yake yi, ƙaramin rami ya zama kogo. Ifoksi kuwa yana yi wa kowane iri. Mai gyaran kirki sai ya tantance soson kafin ya buɗe gwangwani.

Saboda haka in kin je Ngor, bayan kin ci gasasshen kifi a bakin ruwa, ki dubi allunan da kyau. Za ki ga tabo-tabo a jikin da yawansu, kamar ɗinkin ƙwaryar da uwargida ta ƙi jefarwa. Kowane tabo shaida ce cewa an tari tsagar tun tana ƙarama, an kuma jira ta bushe. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya.