Dodon Gidan Kallo da Tsohuwar Bayan Gidanmu

Tunda wannan makon ni aka ba wa fili, zan taɓo finafinan ban tsoro da na 'yan ta'adda, don su suka fara koya mini ƙulla labari tun ban san koyo nake yi ba.

A Balan ta ƙasar Gaya na tashi. Gidan kallonmu rumfa ce ta zana, da bencina, da talabijin guda, da janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba. A nan na ga Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, a kaset ɗin da ya sha hannu har hoton yana rawa. Ba ma jin Indiyanci, amma mun ji tsoron Gabbar Singh. Sai da fim ya yi nisa ana ta ambaton sunansa ba a nuna shi ba, kuma da ya tashi fitowa, takalmansa aka fara nuna mana suna taka duwatsu. Kafin mu ga fuskar Amjad Khan, cikinmu ya riga ya ɗuri ruwa. Daga baya na karanta cewa a Jaws, na Amurka, shi ma na 1975, kifin roba da aka ƙera ne ya yi ta lalacewa, dole Steven Spielberg ya riƙa ɓoye shi. Matsalar inji ta zame masa alheri.

Yanzu 'ya'yan yayana a waya suke kallo, an tura musu fassarar Hausa a memori. Minti biyar da farawa aljanin kwamfuta ya bayyana da haƙora waje, jini kamar an yanka sa. Dariya suke yi. Amma kada a ce ina kukan tsufa: Drishyam na 2015, wanda Ajay Devgn ya fito a uban da ke ɓoye laifin iyalinsa, kusan babu jini a cikinsa, kuma ya hana ni barci.

Abin da ya fi damuna daban ne. Bayan Living in Bondage na 1992 ya buɗe ƙofa, finafinan matsafa da mayu na Kudu suka yi ta shigowa har rumfarmu. Ba su suka kawo mana zancen maita ba, mun taras da shi a gida. Abin da suka yi shi ne suka ba shi fuska: tsohuwa, ita kaɗai, mai jajayen idanu.

To, akwai irin wannan tsohuwar a bayan gidanmu, mai sayar da daddawa. Idanunta ja ne saboda hayaƙin itace. Muka sa mata suna mayya. In an aike mu sayen daddawa sai mu zarce wata unguwa, da magariba kuma mu jefi danganta mu ruga. Ran nan Inna ta kama ni da dutse a hannu. Ba ta dake ni ba. Ta zuba tuwo a kwano ta ce, "Kai mata, kuma har ɗaki."

Na shiga ƙafafuna na karkarwa. Tabarma na gani, da buta, da carbi rataye a ƙusa. Ta karɓi kwanon ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka ce wa uwarka na gode." Ta san muryata cikin masu jifa, na tabbata.

Bara na zauna rubuta gajeren labarin ban tsoro. Na kai shafi na huɗu kafin in lura mayyar da na zana ita ce, har idanun, har warin daddawar. Shekaru sun wuce, tana kabari, ni kuma ina sake jifanta da biro.

Na yaga shafukan na soma daga farko. Yanzu labarin daga cikin ɗakinta yake fitowa: magariba ta yi, ta idar da sallah, sai ta ji takun ƙananan ƙafafu a bayan danga. Ban nuna fuskar ko ɗaya daga cikin yaran ba tukuna, kuma ina shafi na tara.