Baƙon Madabo

A ƙasarmu ta Adar, yunwar 1984 sunan mutum gare ta: El-Buhari. A shekarar da damina ta ƙi ne gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hatsin da aka saba shigo mana da shi ya tsaya, daga baya kuma aka koro 'yan cirani. Ba a buɗe iyaka ba sai 1986, zamanin Babangida. A shekarar da aka buɗe iyakar ne mahaifina ya duba rumbu, ya duba yawanmu, ya ce tunda na sauke Alƙur'ani in tafi Kano neman ilimi. Bai ce bakuna sun yi wa tukunya yawa ba, amma na ji.

Daga Tawa na bi ta Madawa da Maraɗi, na ƙetare a Ɗan Isa zuwa Jibiya, na kwana Katsina, mota ta sauke ni a tashar Ƙofar Ruwa. Takardar ajami ce a aljihuna, babu lambar gida babu sunan titi, sai sunan wani malami da kalmar Madabo. Wani yaro mai tallan goro ya shige gaba ya kai ni har ƙofar soron.

Lunguna ne suka fara horar da ni. A garinmu in ka fito ƙofar gida kana hango mai zuwa tun yana tudu. A nan katanga na hannun dama, katanga na hagu, kwata na bin tsakiya, in mai kurar ruwa ya taho sai ka lafe jikin bango ya wuce. An ce mini in na ɓata in nemi Dutsen Dala, to amma a cikin lungu ina za ka hango dutse? Sai na koma gane hanya da hanci da kunne: gidan da ake toya ƙosai, soron da masu ɗinkin hula ke zama, kwanar da tabarya ba ta hutawa. Sauron kududdufi kuwa bai bari na yi wata guda ba ya kwantar da ni.

Abin da ya fi zazzaɓin nan ciwo shi ne tambayar da kowa ke yi mini: "Kai ɗan gidan wa ne?" Da na buɗe baki aka ji harshen Adar, sai a ce, "Au, Buzu ne." Ni da ban san ko kalma ɗaya ta Buzanci ba. Wasu da wasa suke faɗa, wasu kuwa sai ka ga sun ƙara dubanka. Lokacin shekara shida ke nan da rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki, inda dubban mutane suka mutu, kuma mutanen birni ba su manta cewa yawancin mabiyansa baƙin gardawa ne ba. Saurayi mai allo da buta wanda ba a san gidansu ba, ba abin sakin jiki ba ne. Ban ga laifinsu ba, ko da yake a lokacin raina ya sha ɓaci.

Malam ne ya kashe maganar. Wata rana bayan Magariba wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci da tambayar nan. Kafin in amsa, Malam da ke saka takalmi ya ce, "Alhaji, ɗan gidana ne." Dattijon ya ce, "To, Allah ya gafarta Malam, shi ke nan." Daga ranar na zama yaron gidan Malam. A cikin birni mutum ba ya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai, sai da wanda zai ce na san shi.

Abin dariyar shi ne ita kanta unguwar baƙi ne suka raya ta. Littafin tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, shugabansu Abdurrahman Zaite, kuma Madabo na cikin wuraren da ake danganta su da shi. Nan ne gidan Babban Malami, nan aka san ana ɗaukar Muhtasar na Halilu tun kaka da kakanni. Ka bi sunayen unguwannin birni ka ji: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Kowa kakansa da jakarsa ya shigo. Na taɓa faɗa wa wani abokin karatuna haka, ya ce, "Gaskiya ne, sai ka jira shekara ɗari biyar kai ma."

Karatu bayan Asuba ake farawa. Malam na kan buzu, ya jingina da bango, mu kuma mun zagaye shi a tabarma, kowa da littafinsa a cikin gafaka. Babu aji. Ga ɗan kasuwa mai furfura yana Lauwali, ga ni ina Ahalari, kowa yana jiran layinsa. In ya zo kanka ka karanto guntun Larabci, Malam ya fassara da Hausa, ka ƙara, ya ƙara, har ya ce, "Tsaya nan." Ba ya duba littafi. Ka ci wasali ɗaya, zai ɗago kai ne kawai, ka koma da kanka ka gyara. Wanda ya gama nasa ba ya tashi, domin rabin abin da na sani a fiƙihu daga karatun wasu na tsince shi. A nan na fara jin labarin saɓanin da aka yi tun zamanin Turawa tsakanin malaman Madabo da Malam Muhammadu Salga da almajiransa kan sadakar mamaci ta uku da bakwai da arba'in. Tsofaffin soron suna ba da labarin da zafinsa, sai ka ɗauka makon jiya aka yi.

Ci kuwa, mu Adarawa fura ce abincin rana. A gidan Malam koko ne da safe, tuwon dawa miyar kuka da dare, rana kuma kowa tasa ta fisshe shi. Uwargidan Malam, wadda duk muke kira Inna, ta lura ina ramewa. Ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, daga bayan ƙofar tsakar gida take magana. "Ɗan nan, ashe ba ka cin abincinmu?" Na ce, "Ina ci, Inna." Ta ce, "Ƙarya kake." Daga nan kullum azahar sai ƙaramar yarinya ta fito da kwanon fura. Na kuma sami aikin jiran rumfa a Kasuwar Kurmi wajen wani mai sayar da littattafai da tawada, inda na koyi cewa fam naira biyu ne, jaka kuma naira ɗari biyu, ba jakar sefa da na sani ba. A hanyar dawowa ta Jakara na saba da gurasa, har yau ban rabu da ita ba.

Labarin gida ta hannun direbobin Ƙofar Ruwa yake zuwa, wani lokaci takarda, wani lokaci kaset da mahaifiyata ta yi magana a ciki. Ranar 10 ga Nuwamba 1987 shugaban ƙasarmu Seyni Kunce ya rasu a Faris. A rediyon mai shayi na ji. Washegari mutanen lungunmu suka riƙa tsayawa suna yi mini gaisuwa: "Buzu, ya haƙuri? An yi rashi." Ni da ban taɓa ganin Kunce ba sai a hoto. Na amsa gaisuwa yini guda.

Sai daminar 1988. A watan Agusta aka yi ruwan da ya fasa madatsar Bagauda, gidajen ƙasa a cikin birni suka riƙa zubewa. Kududdufai suka cika suka haɗe da kwatoci, ruwa ya shiga soraye. Cikin dare katangar maƙwabcinmu ta faɗi, azarar ɗaki ɗaya ta sauko. Muka fita da fitilar ƙwai da kwanduna, muka fitar da tsohuwar gidan a goye, aka kai ta wajen Inna. Kwanakin da suka biyo baya babu karatu, sai yasar kwata da kwaɓa ƙasa. Ni kuwa kwaɓa ƙasa da tattaka ta da ciyawa aikin da na tashi a cikinsa ne, 'yan birnin da ke yi mini dariya a soro a nan suka koma bin umarnina. Dattijon nan na ƙofar masallaci da kansa ya riƙa miƙo mini curin ƙasa ina kan tsani.

Bayan wannan damina aka fara aiko yaro musamman ya gaya mini in za a yi ɗaurin aure ko suna, aka kuma fara sa ni cikin masu zuwa haƙa kabari in an yi rasuwa. Da ruwa ya ɗauke, wasu samari biyu suka sauka daga Madawa da takarda irin tawa. Malam ya karanta, ya ninke, ya ce, "Kai su ɗakinka, ka nuna musu hanyar masallaci da ta Kurmi. In an tambaye su, su ce wajenka suke."